Kofin Sili-Ɗaya-Ƙwale na Tseren Babura a Birtaniya: Kakar 1986

Assalamu alaikum. Jama'a masu sauraro, tseren da za mu tattauna a yau shi ne wanda Turawa ke kira speedway, kuma sai an san yadda ake ƙirga makinsa kafin a fahimci gasar kofinsa. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, injinsa 500cc ne, kuma da man methanol yake aiki. Mahaya huɗu ne ke fita a kowane karo, biyu daga kowace ƙungiya, su kewaya fili sau huɗu. Na ɗaya yana samun maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe kuwa ya tashi a tutar babu.

A gasar kofin, wadda ta ɗauki sunanta na yanzu a 1965 lokacin da ƙungiyar tseren babura ta West Ham ta lashe ta, an saba karawa gida da waje, sannan a haɗa makin wasannin biyu, wanda ya gaza ya yi waje. A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Ƙungiyar da ta san ba za ta yi nasara a filin baƙunta ba, saboda kowane fili da irin tsawonsa da kwanarsa da ƙasarsa, tana iya tsira idan ta hana tazarar yin yawa. Don haka maki ɗayan da ƙaramin mahayi ya ƙwato a matsayi na uku yana iya zama abin da zai kai ƙungiyarsa zagaye na gaba. A ganina, ƙananan mahayan nan su ne ƙashin bayan kofi, ko da yake manyan ne ake bugawa a jarida.

A kakar 1986, Oxford Cheetahs da Cradley Heath ne suka kai wasan ƙarshe. Oxford ce ke riƙe da kofin tun 1985, ga kuma Hans Nielsen, ɗan Denmark da ya zama zakaran duniya a 1986 ɗin. Cradley kuwa tana taƙama da Erik Gundersen, shi ma ɗan Denmark, zakaran duniya na 1984 da 1985. Sai dai kakar Birtaniya tana farawa ne a Maris ta ƙare a Oktoba, lokacin da ruwan sama ke yawaita, kuma babur marar birki ba ya hawa jiƙaƙƙen fili sai da kasadar rai. Ruwa ya hana a kammala wasan, aka raba kofin tsakanin ƙungiyoyin biyu.

Ina ganin hukuncin ya yi daidai, domin lafiyar mahaya tana gaba da kofi, amma laifin na jadawalin da ke tura wasa mafi muhimmanci zuwa ƙarshen kaka ne. Bayan wannan rabon, Cradley ta ɗauki kofin ita kaɗai a 1987 da 1988 da 1989.