Hatimin Grand Canyon, da jan kunne ga masu koren fasfo

Assalamu alaikum jama'a! Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin Grand Canyon nake, wani katafaren kwazazzabo a jihar Arizona ta Amurka. Yau kam farin ciki ya cika ni, ku dubi ɗan shuɗin littafin nan da ke hannuna, na tara hatiman wuraren shaƙatawa da na tarihi na Amurka.

Na shiga ofishin baƙi neman ruwa, sai na tarar da wata dattijuwa Baturiya a gaban wani ɗan tebur, tana danna hatimi a littafinta a hankali. Na gaishe ta, na ce Mama, mene ne wannan? Ta buɗe min shafi bayan shafi. Wallahi wasu tawadar har ta koɗe don tsufa. Kowane hatimi zagayayye ne, da sunan wurin da ranar da ta je. Ta ce da mijinta suka fara, yanzu ita kaɗai take ci gaba. Jikina ya yi sanyi.

Nan take na sayi nawa, dala goma sha wani abu. Hatimin kyauta ne, kai da kanka za ka buga, ba mai tambayarka komai. Shiga wurin ne na biya dala 35 na mota. Tun 1986 ake wannan tsari a Amurka, sun raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace da launin tawadarta. Wuraren sun haura 400, kuma ba dazuzzuka kaɗai ba: akwai Yellowstone da aka kafa a 1872, akwai mutum-mutumin 'yanci na New York, har da unguwar da aka haifi Martin Luther King a Atlanta.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga ƙasa can? Kogin Colorado ne, shi ya yi ta cin dutsen nan har zurfin ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Tabarakallah!

Ni Yankari ta faɗo min a rai. Ruwan Wikki, ɗumi ba zafi ba, ga shi garau kana hango yashin ƙasa, ga gwagguna suna harin abincinka. Na je muna yara, kuma yau ba ni da ko takarda ɗaya da ke nuna na taɓa taka wurin. Hatimi nawa yake, don Allah? Da an ajiye ɗaya a ƙofar Yankari, ɗaya a Gashaka Gumti, ai da yaranmu sun matsa wa iyayensu sai an kai su.

To, ga jan kunne, kuma da gaske nake. Kada ɗoki ya sa ka buga hatimin nan a fasfonka na tafiya. Na ga wani ya zaro nasa, gabana ya faɗi. Ana iya ɗaukar fasfon a matsayin wanda ya lalace, kai kuma mai koren fasfo ka san wahalar da ka sha kafin biza ta fito. In ka manta littafin a gida, buga a farar takarda, ka manna daga baya. Sannan ka duba kwanan wata kafin ka danna, don yara kan juya lambobin. Kuma ka zo da wuri, ofisoshin nan ba sa kaiwa dare.

Gobe in Allah ya kai mu, wurin shaƙatawa na Zion zan nufa a jihar Utah. Duk wanda ke Las Vegas yake son rakiya, akwai kujera a mota, amma kuɗin mai za mu raba.