Abin da na kasa faɗa muku ina Jidda

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Garin Malam, ina gaishe ku da kyau. Yau daga Buruksel nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar iska. Shekara huɗu na yi ina tuƙi a Jidda, kuma maganar da zan yi yanzu ban taɓa yarda na yi ta a waya ba ina can.

Ƙanena Sani ya aiko mini saƙo jiya: "Yaya, an samo mini biza." Shi ya tayar da ni.

Sani, ka san mene ne kafili? Shi ne mutumin da igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, take rataye a sunansa. Ranar da na sauka nawa ya karɓe fasfona, alhali dokarsu ma ta hana. Wata uku bai biya ni ba. Da na matsa, sai ya ce zai rubuta mini hurub, wato ya shaida wa hukuma na gudu. Daga wannan lokacin ka zama abin kamu ko a bakin masallaci ne, sai tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, sai jirgi. A 2021 sun sassauta tsarin, gaskiya ne, amma sassaucin bai haɗa da direban gida da mai aikatau da makiyayi ba. To su waye waɗannan in ba mu ba?

Sai wayar hannunka, nan ne tsorona ya fi yawa. Mu a fada mun saba, ana shan shayi ana caccakar gwamnati har dare. Can dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya kai mutum shekara biyar a kurkuku kan rubutun da aka ce ya taɓa zaman lafiyar jama'a, kuma su ne masu fassara kalmar. Salma al-Shehab, ɗaliba ƴar ƙasarsu, an yanke mata shekara 34 a 2022 kan saƙonnin Twitter, daga baya aka rage. Muhammad al-Ghamdi, malamin makaranta mai ritaya, hukuncin kisa aka fara yanke masa a 2023, mabiyansa a intanet kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ƴan ƙasa ke nan. Ina ga Batakari da bai jin Larabci, aka miƙo masa takarda aka ce sa hannu? Wallahi na san wanda ya dangwala bai san ikirarin laifi ya dangwala wa ba.

Iyayenmu mata masu tashi ta Kano, don Allah kada ku riƙe wa kowa jaka, ko ƙullin yaji ne. Kun tuna ɗalibar nan da aka kama a Madina ƙarshen 2018, aka jingina mata jakar tiramadol tun daga filin jirgi? Wata huɗu tana tsare kafin gaskiya ta fito. Ƙwaya can hukuncinta kisa ne, kuma a 2024 sun kashe sama da mutum 300 kan laifuffuka iri-iri, da yawansu baƙi.

Ban ce kada ka je ba, Sani. Gidan Inna da kuɗin can na gina shi. Amma kafin ka biya dillalin nan ko dala, kai kwantiragin wurin malamin da ya iya Larabci ya karanta maka layi-layi, ka ɗauki hoton fasfonka ka bar wa Inna, sannan ka kira ni da daddare.