Yadda Ake Gane Lafiyar Tsohon Kuɗi da Matsayinsa: Laccar da Aka Gabatar a Katsina

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, malamaina, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na ga wasu sun zo da ƙunshi a aljihu, wasu da gwangwani, kamar yadda aka buƙata. To ina roƙon arziki, kowa ya bar nasa yadda yake, kada a goga a gefen riga, sai mun gama.

Abin da aka fi tambayata shi ne, "Malam, wannan kwabon ya kusa shekara ɗari, nawa zai yi?" Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada a wurin masu tara shi. Abu biyu suke dubawa: ƙarancinsa, da kuma yawan abin da ya rage na fuskarsa ta asali, wadda ya fito da ita daga gidan buga kuɗi. Na biyun nan shi ne zancenmu yau.

Ku dubi wannan anini. An fara buga shi a 1907, shekara guda bayan Sarki Muhammadu Dikko ya hau gadon sarautar Katsina. Na farkon da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure zufa da laima ba, sai yakan ci, ya yi fari-fari. A 1908 aka koma gamin tagulla da nikel. Saboda haka samun aninin alminiyam ba shi ne abin mamaki ba, samun wanda bai ci ba shi ne aiki.

Idan za ka duba kuɗi, shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ka riƙe shi ta gefe da babban yatsa da manuniya. Kada yatsa ya hau fuskarsa, domin maiƙon hannu yakan bar shaidar da ba ta fita. Fitila ɗaya ta isa, da madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma kamar sau 5. Sannan ka nufi wuraren da suka fi tudu, don su hannu da aljihu ke fara ci. Mai sayen doki haƙori yake fara buɗewa, kai kuma kambin sarki za ka fara dubawa. Ga sule na zamanin Sarki Joji na Biyar na Ingila, mai bishiyar kwakwa a baya. Duwatsun da ke jikin kambin suna nan ɗai-ɗai, ko sun haɗe sun zama shafaffen layi? Gashin baki da gemu ana ganin silinsu? Juya baya, ganyen kwakwar a rarrabe yake? A kwabo mai huji kuwa, babu hoton sarki, sai ka duba kambin da ke saman hujin, da inda layukan tauraron nan mai tsini shida suka hau juna, da rubutun Larabcin.

Turawan Ingila suna da matakai na kalmomi, waɗanda za ku gani a taƙaice: F, VF, EF, UNC. Na F ya sha hannu sosai, amma ana karanta komai. Na VF tudun ya fara lallacewa, sauran zanen na nan. Na EF sai ka sa ido sosai kafin ka ga inda ya gogu. UNC shi ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. A Amurka lamba suke amfani da ita, daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa 70 na wanda bai zagaya ba ne. Akwai kamfanoni irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, waɗanda ke duba kuɗi, su ba shi lamba, su rufe shi cikin roba mai tauri.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato ƙyallin asali. Lokacin da tambarin ƙarfe ya danne kuɗin da ƙarfi, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar layuka ƙanana waɗanda ido ba ya rabe su. Su ne ke sa in ka karkata sabon kuɗi a ƙarƙashin fitila, ka ga haske yana zagaya fuskarsa yana bin hannunka. Sau ɗaya ake samun wannan a rayuwar kuɗi. Da zarar an goge layukan nan, babu maƙerin da zai mayar da su. Kuma da shi ake raba gardama: wani lokaci za ka ga tudun kambi a shafe, ka ɗauka hannu ne ya ci shi, alhali bugun ne bai kama sosai ba. In ƙyallin na kan wurin, rashin bugu ne. In wurin ya dushe ya bambanta da kewayensa, hannu ne.

Shi ya sa zuciyata ke ɓaci idan aka kawo mini kuɗi yana walƙiya, mai shi yana murna ya sha toka da lemon tsami, ko an jiƙa shi a ruwan tsamiya, ko an dirje shi da yashi. Mu mutane ne masu son tsafta, kwanon da bai ƙyalli ba ma ba ma so, na sani. Amma a nan garin neman gira ake rasa ido. Sa madubi a kan wanda aka dirje, za ka ga ƙananan karce duk sun nufi waje ɗaya, haskensa kuma ya zama fayau, ba ya zagayawa. Kamfanonin da na ambata ba sa ba irin wannan kuɗin lamba ma, sai su rubuta an wanke shi, farashinsa ya faɗi. Duhun nan da kuke gani a jikin azurfa, ko ja-ja-baƙi a jikin tagulla, masu saye suna son sa, shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. Abin tsoro shi ne kore mai gari-gari a jikin tagulla, wannan ciwo ne mai ci, a ware shi daga sauran.

Sai a kula da ƙananan haruffa a jikin kuɗin, H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga shi. Shekara ɗaya, harafi daban, farashi na iya bambanta.

Kuma kada wani ya ruɗe ku da shekara. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda ya sauka daga sarauta a watan Disamba na shekarar, yana da daɗin labari, amma an buga shi da yawa, sai mai cikakkiyar lafiya ne ke da kuɗi. Haka kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, mai 1780 a jiki. Shekarar rasuwarta ce, kuma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu, miliyoyi barkatai.

Wajen ajiya, kowane kuɗi da takardarsa, a wuri busasshe. Gwangwani yana sa su karce juna, leda mai laushi kuma takan bar kore mai danƙo bayan 'yan shekaru, musamman da damina.

Daga nan wata baiwar Allah ta miƙe ta ce tana da fataka, wato sule biyu, na azurfa da ta gada wurin kakarta, amma an liƙa masa kunne ana ratayawa, ko ta kai a cire.

Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Kada ki cire. Hujin kwabo da anini daga gidan buga kuɗi yake, ba aibi ba ne, amma kunnen da maƙerin fari ya liƙa, masu tara kuɗi lahani suke ɗaukarsa, kuma ko an cire tabon wutar zai zauna. Idan shekarar da ke jiki tsakanin 1913 da 1919 ce, azurfa ce mai kyau, darajar nauyinta na nan. Ki bar shi da kunnensa, ki rubuta sunan kakar da garinsu a takarda, ki naɗe su tare. In an tashi ki kawo mu duba shekarar.