Birkin iska da saukar jirgi marar inji

Lacca ce da aka yi wa masu sha'awar tuƙin jirgin sama a Yamai, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Jirgin da za mu tattauna yau shi ne marar inji, wanda Faransawa ke kira planeur. Matuƙin jirgi mai inji, in ya ga saukarsa ba ta yi ba, sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Shi wannan sauka ɗaya gare shi.

Mu ɗauki ASK 21, na kamfanin Schleicher a Jamus, mai zaman mutum biyu, wanda ake koyarwa da shi a ƙasashe da yawa. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 17 ne. Duk mita ɗaya da ya yi ƙasa, yana cin kusan mita 34 a gaba. Ke nan daga mita 100 a sama sai ya wuce kilomita 3 bai taɓa ƙasa ba. A sama abin so ne, amma wajen sauka jirgin ƙin sauka yake yi. In ka ce bari ka danna hancinsa, gudu ne zai ƙaru, ka iso kan fili yana ta shawagi har filin ya ƙare.

Maganin wannan shi ne birkin iska. Faranti ne guda biyu, ɗaya a kowane fiffike, suna miƙewa tsaye daga samansa su dagula iskar da ke bi ta wurin. Ɗagawa ta ragu, turjiya ta ƙaru. In aka buɗe su duka, 34 ɗin nan ta faɗo wajen 7. Mariƙinsa shuɗi ne, yana hannun hagu. Ku riƙe launin, don mai ruwan ɗorawa na sakin igiyar da ake jan jirgi da ita ya tashi ne. Ka dube shi da ido kafin ka kama.

Aikin a rabe yake: hannun dama a kan sandar tuƙi, mai ɗaga hanci da sunkuyar da shi, yana tsare gudu, hagu a kan birki yana tsare gangara. Gudun sauka kuwa lissafi ne. Ka ɗauki gudun da ƙasa da shi fiffike ke daina ɗaukar jirgi, ka ninka da 1,3, sannan ka ƙara rabin ƙarfin iska. A wannan jirgi abin yana kamawa wajen kilomita 90 a awa. In iskar hunturu tana busowa a 20, ka ƙara 10, ya zama 100. Dalili shi ne iska tana raguwa kusa da ƙasa, gidaje da itatuwa suna tare ta, sai ka ga allurar gudu ta faɗi a mitocin ƙarshe, lokacin da ba ka da tsawon da za ka maido ta.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Da ka juyo ka fuskanci fili, ka zaɓi tabo ɗaya a ƙasa, ka ga inda ya zauna a gilashin gabanka. In tabon yana hawa sama a gilashi, ba za ka kai ba, rage birki. In yana zamewa ƙasa yana shiga ƙarƙashin hanci, za ka zarce, ƙara birki. Kuma ka shirya tahowarka yadda birki zai zauna a rabi, ko ya ɗara kaɗan. Wanda ya taho birki a rufe, in ya gamu da iska mai dannawa ƙasa, me zai rufe? Wanda ya taho a buɗe duka, in ya yi sama da yawa, me zai ƙara?

Na'am, ɗan'uwa, tambayarka?

"Malam, in na buɗe birki gudu ba zai ragu ba?"

Zai ragu mana, shi ya sa kana buɗewa kana ɗan sunkuyar da hanci. Ka kuma kama mariƙin da kyau lokacin cire kullen birki, don iska tana zuƙo farantan waje, in gudu ya yi yawa su buɗe gaba ɗaya ba da izininka ba. Wannan zuƙowar ce ke cin wanda bai kulle birki ba kafin tashi: ana jan sa da igiya, jirgi ya ƙi hawa, shi bai san dalili ba. Tura mariƙin sai ka ji ya shiga kulle.

Kusa da ƙasa, hannun hagu ya natsu. Ka rufe birki da sauri, jirgi ya yi tsalle sama. Ka fizge shi, ya faɗi dim a kan taya. In ya yi tsalle kada ka danna sanda gaba, riƙe shi yadda yake, ka ɗan rage birki in gudu ya yi ƙasa, ya sake zama. A ASK 21 birkin taya yana ƙarshen jan mariƙin nan shuɗi, saboda haka kada ka taɓa ƙasa kana jan sa iya ƙarfinka, taya za ta sauka a kulle.

Sai zafinmu. Yamai ba ta fi mita 220 da 'yan kai bisa teku ba, amma ranar da zafi ya kai 42 a watan Afrilu iska tana sakwarkwacewa kamar kana sama da mita 1.000. Allura ta nuna 90, kai kuwa kana tafiya wajen 95, don haka jirgi zai ƙara gungurawa kafin ya tsaya. In kuma ka hango guguwa tana murɗa ƙura a bakin fili, ƙara gudu kaɗan, ka sauka nesa da ita ko da za a sha turin jirgi a rana.