Jawabi kan shirin Honors a taron ƙungiyarmu na Bronx

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaba, malamanmu, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata, da ku matasa da kuka jeru a baya kusa da ƙofa, barkanmu da haɗuwa. Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini magana yau, kuma an gargaɗe ni kada in ja ta har abinci ya huce.

Maganar ta shafi wani shiri ne da jami'o'in Amurka suke warewa ɗaliban digirin farko masu ƙwazo, wanda suke kira Honors. Mu da muka yi karatu a gida mun saba sai a ƙarshe ake gane gwani, ranar da aka lika sakamako. Nan tun daga bakin ƙofa ake tsamo su. Yaro yana ajin ƙarshe na sakandare zai nema, kuma a wasu jami'o'in idan lokacin ya wuce, ya wuce ke nan. 'Ya'yanmu da yawa sun cancanta, amma sai sun yi shekara a jami'a suke jin labarin a bakin abokan ajinsu.

Abin ba sabo ba ne. A 1922 Frank Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore a jihar Pennsylvania, ya kafa irin wannan tsari bayan ya ga yadda ake karatu a Oxford ta Ingila: ɗalibai kaɗan su zauna da malami suna tattaunawa, a ƙarshe malaman wata jami'a su zo su jarraba su. Daga baya jami'o'in gwamnati suka ɗauka, don su riƙe yaran da manyan makarantu masu tsada suke kwashewa.

Na kusa da mu shi ne Macaulay Honors College, na jami'ar birnin nan, CUNY. An buɗe shi a 2001, aka sa masa wannan suna a 2006 bayan William Macaulay da matarsa sun ba da gudummawar dala miliyan 30. Ɗalibinsa yana karatu ne a ɗaya daga cikin kwalejoji 8 na CUNY, ciki har da Hunter da Baruch da City College, da kuma Lehman da ke nan Bronx. Iyaye mata, ku riƙe wannan: 'yarki za ta iya shiga, kuma kullum a gida za ta kwana. Mazaunin jihar New York da ya cika sharuɗɗa ana ɗauke masa kuɗin koyarwa na shekara 4, amma sai ya cike takardun neman tallafi, FAFSA da TAP. Littattafai da kuɗin jirgin ƙasa da sauran ƙananan kuɗaɗe suna kanmu.

A nan zan ɗan tsaya. Mun san yadda ake karatu a ƙasar nan da bashi, kuma bashin nan da ruwa yake, yana hauhawa. Malamanmu suna zaune, sun sha ja mana kunne kan riba. Sai ka ga uba ya ƙi sayen mota da bashi mai ruwa, amma ya sa hannu ɗansa ya ci bashin dubban daloli don kawai sunan makarantar ya yi daɗin faɗi idan an kira 'yan uwa a gida. A ganina, yaron da ya gama a CUNY ta wannan shiri ba a binsa ko sisi ya fi ƙarfin tashi a kan wanda zai yi shekara goma yana biya. Sai dai idan babbar makarantar ce ta ɗauke masa nauyin duka, to wannan a yi hamdala a raka shi.

Ban da kuɗi, abin da yaro yake samu shi ne kusanci da malamai. A ajin shekarar farko na babbar jami'a ana iya tara ɗalibai ɗaruruwa, malami bai san sunan kowa ba. Azuzuwan Honors ƙanana ne, kuma akwai mai ba da shawara da aka ware musu. A Macaulay, cikin shekara biyun farko, suna yin darussa huɗu a kan birnin New York kansa: fasaharsa, mutanen da suka yi ƙaura suka cika shi, kimiyya, da makomarsa. Darasin mutanen birni kam ai labarinmu ne. Akwai kuma asusu da ɗalibi zai nema don tafiya karatu wata ƙasa, ko koyon aiki, ko bincike. Amfanin duk wannan yana fitowa ne ranar da yaro zai nemi makarantar likitanci ko ta lauya, inda ake buƙatar wasiƙar malamin da ya san shi sosai.

To, sai nauyin da ke kanmu, kuma ku yi mini afuwa idan maganar ta yi ɗaci. Shirin yana da sharaɗin maki, a Macaulay ana so ɗalibi ya kai 3.5 cikin 4 ya kuma riƙe shi, sannan akwai hidimar al'umma da babban aikin bincike a shekarar ƙarshe. Ba zai yiwu Hajiya ta bar wa 'yarta rainon ƙanne da girkin gida gaba ɗaya, ko Alhaji ya zaunar da ɗansa a kanti har sha biyun dare, sannan a zo ana tambayar me ya sa makin ya sauka ba. Ba a gudu ana susar takashi. Na san halin da muke ciki, hayar gida a birnin nan ba ta da tausayi, ga na gida suna jiran aike. Amma idan an zaɓi yaro, a zauna a gida a raba masa ayyukan. Idan kuma damar tafiya karatu ta zo wa 'ya mace, kada a ce a'a tun kafin a ji wace ƙasa ce, su wa za su raka su, ina za su sauka.

Kuma ba kowane mai ƙwazo ne zai zama likita ba. Yaron da hankalinsa ke kan tarihi ko lissafi, idan aka tilasta masa sinadarai, makin da ya shigar da shi shirin shi zai fitar da shi.

Waɗanda suka fara daga kwalejin shekara biyu, irin su Hostos ko Bronx Community College, kada su karaya. Akwai ƙungiyar ɗalibai masu ƙwazo ta Phi Theta Kappa, akwai kuma tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke ga mai son wucewa jami'ar shekara huɗu. Gasar tallafin tana da zafi, amma nemansa kyauta ne.

Ku 'yan sakandare, shiri yana farawa tun aji 9. Ku ɗauki darussan AP, wato darussa masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, idan makarantarku tana da su, ku shiga College Now, inda CUNY take koyar da ɗaliban makarantun gwamnatin birni darussan jami'a ba tare da biya ba. Takardar Macaulay ana rufe karɓarta da wuri, kafin shekara ta ƙare, kuma tana buƙatar rubutu a kan kanka da wasiƙun malamai. Malami ba ya son a zo masa ana saura kwana biyu.

Roƙona ga shugaba shi ne, kafin a tashi, sakatare ya rubuta sunan duk yaron da ke aji 11 da 12, da lambar iyayensa. Matasanmu da suka gama jami'a a nan, muna so kowannenku ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, ya zauna da shi kan takardun nan, ya karanta masa rubutunsa kafin ya aika. Takardar rubuta sunayen tana kan teburin da ke bakin ƙofa.

Na gode da sauraro. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.