Ƙungiyar Raya Ƙauye: Daga Ina Ake Farawa?

(Lacca ce da aka gabatar a taron shekara na 'yan asalin wani gari da ke zaune a birni, kashegarin Babbar Sallah. An rubuto ta daga sautin da aka naɗa, an ɗan rage maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu mata da ke can baya, samari da 'yan mata, barkanmu da Sallah.

Tun kafin in zauna, samari uku suka tare ni a bakin ƙofa, kuma tambayarsu iri ɗaya ce: nawa ne kuɗin rajistar ƙungiya, a ina kuma ake samun Turawan da ke ba da tallafi? Zan amsa muku, amma sai can ƙarshe, don a can ne gurbin maganar.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Shekarun baya mun haɗu mu bakwai, duk 'yan boko, muka kafa ƙungiya. Muka yi hatimi, muka buga takarda mai tambari, kowa ya samu muƙami, har da mataimakin sakataren yaɗa labarai. Wata ƙungiya daga waje ta haƙa mana rijiyar burtsatse a wani ƙauye, aka ɗora famfon tuƙa-tuƙa, aka yi kiɗa, aka ɗauki hoto. Ba a rufa shekara ba robar da ke cikin famfon ta cinye. Kuɗin robar bai kai kuɗin akuya ba. Amma da na koma, sai na tarar da mata sun koma rafi, an ɗaure jaki a jikin famfon. Na tambayi wani dattijo, "Baba, me ya hana ku gyara?" Ya ce, "Ai jira muke ku zo ku duba famfonku." Famfonku ya ce, bai ce famfonmu ba. Kuma gaskiyarsa: ba mu tambaye su ba, ba su sa ko sisi ba, ba mu koya wa kowa kwance shi ba.

To, jama'a, ƙauye bai taɓa zama babu ƙungiya ba. Wa ya koya wa kakanninmu aikin gayya? Wa ya koya wa iyayenmu mata adashi? Idan gini ya faɗi da damina, ko hanya ta yanke, ko aka yi rasuwa, akwai waɗanda kowa ya san su ne za su fito. Mai son kafa ƙungiya, waɗannan zai fara nema, ya zauna ya yi shiru ya saurara.

Akwai wanda ya gane haka tun da wuri, wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Mosi a yankin Yatenga na Burkina Faso, sunansa Bernard Lédéa Ouédraogo. Ya yi aikin wayar da kan manoma, ya ga ƙungiyoyin gama-kai da gwamnati ke kafawa daga sama ba sa yin ƙarko. Sai ya waiwayi al'adar garinsu, wadda suke kira Kombi-Naam, inda samari da 'yan mata ke haɗuwa su nome gonakin mutane da damina, abin da aka ba su kuma su tara su yi biki. Gayyarmu ce sak, suna ne ya bambanta. A 1967 ya fara gina ƙungiyoyin Naam a kan wannan tushe. A 1976, bayan babban farin da ya afka wa Sahel, aka kafa uwar ƙungiya mai suna Six-S, wadda ma'anar sunanta ita ce a ci moriyar rani. Da rani, lokacin da samari ke tafiya cirani, sai aka riƙa haƙa rijiyoyi, ana jera duwatsu a gona don tare ruwa, ana noman lambu, ana ajiye hatsi a rumbun gari. Ku lura da lissafin: shekara tara mutane suna aiki da ƙarfinsu kafin a kafa abin da zai jawo kuɗin waje.

Na kusa da mu ma yana nan, a Maraɗi. A 1991 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara aiki da mata a can, aka sa wa tsarin suna da Hausa, Mata Masu Dubara. Adashi ne aka yi wa kwaskwarima. Mata kamar ashirin zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Maimakon a kwashe a ba mutum ɗaya, sai a riƙa ba da rance ga mai son jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon tunkiya, a ware kuma wani abu na taimakon wadda rashin lafiya ko gobara ta faɗa wa. Kuɗin yana cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Shekara ta kewayo, a fasa a raba. Ba a zuba musu jari daga waje ba, horo kawai aka ba su. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da dama, har wajen Afirka. Na san Malam zai tambaye ni batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. Allah gafarta Malam, wannan hurumi naku ne, a kawo muku kafin a rubuta doka. Ana iya juya kuɗin ta hanyar saye da sayarwa a raba riba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kwaɗon nan uku. Ƙungiyoyinmu ba rashin kuɗi ke kashe su ba, zargi ne. Ma'aji ya sayi sabon babur, ko da guminsa ne, shi ke nan magana ta tashi. Saboda haka mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta littafi daban, kuma duk wata a karanta lissafi da Hausa, da ƙarfi, a gindin bishiya. Sannan ku ɗauki aiki ɗaya tak wanda za ku iya kammalawa da karo-karonku kafin damina: rufin aji guda, ko kwalbati, ko gyaran rijiya.

Yanzu ga amsar samarin nan. Da farko rajistar ƙaramar hukuma ta ishe ku. Idan aiki ya kankama, kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, sai ku je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020. Za ku fitar da amintattu, wato waɗanda za su riƙe amanar ƙungiya a gaban doka, ku rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Kuma duk shekara akwai rahoton da za ku miƙa, da yawa a nan suke makara. Amintattu kuwa, don Allah kada ku cika su da manyan da ba sa ɗaga waya.

Na ga hannun Hajiya a baya. Na'am, Hajiya? Tana tambaya idan ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓa? Hajiya, ku karɓa a bainar jama'a, ku ba shi rasit, a shigar a littafi kamar kuɗin kowa. In ya ce sai an liƙa hotonsa a jikin aji, ko a ba yaronsa shugabanci, ku yi masa godiya ku ce za ku yi shawara da Dagaci.

An kira la'asar. Sauran tambayoyin sai mun idar, samarin nan uku kuma ku same ni da takarda da biro, mu rubuta sunayen waɗanda suka fito gayyar bara.