Ledar da kake rufe babur da ita: kariya ce ko tukunyar tsatsa?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da damina ta kankama saƙo iri ɗaya ke ta shigo mana. Wani ya ce, malam, kullum sai na lulluɓe mashin ɗina da leda, ko ɗigon ruwan sama ba ya taɓa shi, amma ga tsatsa ta cinye min salansa. Wani ya turo hoto, ga shi nan kuna gani, wata huɗu kacal da fitowa daga kwali, notuna duk sun yi ja kamar an shafa musu goro. Har ya fara zargin dila ya sayar masa da jabu.

Ba lallai jabu ba ne. Ku biyo ni.

Wannan Boxer ɗin da ke gabanku yanzu aka shigo da shi daga cikin ruwa. Ku kalli abin da mai shi zai yi, don shi ne abin da yawancinmu ke yi. Ya kashe inji, ya jawo leda, ya lulluɓe har ƙasa, ya ɗaure da roba tamau, ya ɗora dutse a gefe don kada iska ta ɗage. Ya shige ɗaki yana jin ya gama da damina.

To, a nan za mu tsaya. Sauran abubuwan duk masu sauƙi ne, zan ratsa su da gudu a ƙarshe. Wannan matakin ne ke cin kuɗin mutane.

Ka taɓa sayen ƙosai da zafinsa aka ƙulle maka a leda? Kafin ka isa gida, me kake tararwa? Ledar ta yi gumi, ƙosan ya yi laushi, ruwa na bin ciki. Ba wanda ya zuba ruwan nan. Daga jikin ƙosan ya fito, ya rasa hanyar fita, ya koma kansa. Babur ɗin da ka rufe da zafinsa, a jiƙe, shi ne ƙosan.

Ku duba yadda abin yake. Inji da salansa suna da zafi, ruwan da ke jikinsu da wanda ya maƙale a ƙarƙashin tanki da cikin madigad yana zama tururi. Da a fili yake, iska ce za ta kwashe shi. Amma leda ba ta numfashi. Tururin ya tashi ya tokare a sama. Dare ya yi, gari ya yi sanyi, ledar ta huce, sai tururin ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a kan tanki, a kan makunni, a kan wayoyi. Kamar murfin tukunyar tuwo idan an ɗaga shi. Gari ya waye, rana ta bugi ledar, ruwan ya sake tashi. Dare ya yi, ya sake sauka. Ruwa ɗaya ne yake ta kai da komo, kuma kai ne ka kulle shi a ciki.

Ita tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, ruwa, da iskar da muke shaƙa. Ƙarfe dai ga shi. Iska ba ka da yadda za ka yi da ita. Ruwa ne kaɗai ke hannunka. Kuma ba sai ruwa mai gudu ba. Danshin da ke cikin iska ma ya isa, da zarar ya haura kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ƙarfe na fara ci da sauri. Cikin ledar da aka ɗaure a kan jiƙaƙƙen babur kuwa danshin ya wuce nan nesa ba kusa ba, ga ɗumi, shi kuma ɗumi ƙara wa abin gudu yake yi. Shi ya sa za ka ga babur ɗin ɗan acaɓa da ruwa ke duka kullum, yana fita rana da iska suna busar da shi, ya fi na ma'aikacin da ke lulluɓe nasa daga Juma'a zuwa Litinin tsabtar ƙarfe. Abin haushi, amma haka ne.

Don kada ku ce labari nake ba ku, ga ɗan gwajin da na yi a tsakar gida. Ƙusa biyu, iri ɗaya, na goge su da sanfefa, na tsoma su a ruwa. Ɗaya na ƙulle a leda, ɗaya na ajiye a kan taga inda ruwan sama ba ya kaiwa. Bayan mako guda, ta cikin leda ta fi ta kan taga tsatsa. Ba sai na ce komai ba. Uwargida ta tambaye ni ko sana'ar tara ƙusa na koma.

Akwai ruwa na biyu da mutane ke mantawa da shi, na ƙasa. Idan a kan turɓaya kake ajiye mashin, ƙasar da ta sha ruwan Agusta ita ma tana fitar da danshi dare da rana. Ka saukar da leda har ta taɓa ƙasa, ka danne da dutse, ka yi wa danshin nan rumfa ke nan. Ko da babur ɗin a bushe ka rufe shi, da safe ka sa hannu a ƙarƙashin ledar ka ji.

To me za a yi? Ba cewa na yi a jefar da leda ba. Ruwan sama da rana su ma ba 'yan uwanka ba ne. Gyara ake yi mata, kuma kusan ba ka kashe komai.

Da farko, haƙuri. Ka dawo, ka kafe shi a inda ruwa ba ya zuba, ka bar shi ya huce, kamar minti 20 zuwa 30. Je ka yi alwala, ka ci abinci. Zafin injin da kansa zai busar da rabin ruwan. Ka dawo da tsumma, ka bi tanki, ka bi kan babur wajen makunnai, ka bi rim, ka leƙa ƙarƙashin kujera. Idan ba za ka iya ɗora tafin hannunka a kan salansa ba, lokacin rufewa bai yi ba. Wanda ya taɓa kankare narkakkiyar leda daga jikin salansa ya san abin da nake faɗa.

Sai ita ledar ko tampol ɗin. Ga almakashi. Rage tsawonta, ta tsaya kamar taƙi guda sama da ƙasa ta kowane gefe. Tayoyi su jiƙe ba komai, roba ce. Ta nan iska za ta shiga. Amma shiga ba ta wadatar ba, sai da mafita, kuma iska mai ɗumi sama take yi. Ku duba hannuna. Ina huda ƙofa biyu a sama, kusa da inda madubi ke tokare ledar, kowace kamar faɗin bakin kofi. Sai in yanke gindin robar ruwan sha, in raba ta biyu a tsaye, in kifa rabin a kan ƙofar bakinsa na kallon ƙasa, in ɗinke ko in manne. Ruwan sama zai zame ta kai, tururi zai fita ta ƙasa. Kamar hular bututun hayaƙi. Ba shi da kyan gani, na sani. Maƙwabcina ya ce kamar na yi wa babur kunnuwa. Shi kuwa tasa salansar har ya riga ya canja ta.

Kada ledar ta kwanta a jikin tanki. Sa wani abu ya ɗaga ta, ko kwali, ko tsohon kwando a kan kujera, don a sami sarari tsakani. Wasu na shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙarƙashi, yana da kyau musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga tsakanin leda da fenti, iska na kaɗa ledar tana gurzar fentin kamar sanfefa. Amma da damina ka lura, zanin da ya jiƙe ya fi rashinsa illa. Ya jiƙe, shanya shi.

A ƙasa kuma, siminti ya fi. Babu siminti, shimfiɗa leda a ƙasan, ka ɗora katako. E, a nan ne leda ke da amfanin gaske, a ƙarƙashi, tana tare danshin ƙasa.

In kuwa kana da fili da ɗan hali, manta da lulluɓi gaba ɗaya. Sanda huɗu, fallen kwano biyu ko tampol a sama, a karkace don ruwa ya gangara, gefe a buɗe. A ra'ayina wannan rumfar ta fi duk wata riga mai tsada da za ka saya a kasuwa. Tsohon kwano kuma ba ya wuya, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna.

Kuma da safe, in gari ya washe, yaye rigar ko da ba za ka fita ba.

Tun da muna maganar ruwan da ke ɓoye, ga wurare biyu da yake ci daga ciki. Tanki: in rabinsa iska ce, danshin iskar na zama raɓa a bangon ciki, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ya ci gindin tanki, ya bi ya sauka kafireta. Maganin shi ne in za ka ajiye mashin na kwanaki, ka cika tanki. Na san abin da za ku ce. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, cika tanki ya zama sai ranar biki. To ko ba ka cika ba, akwai ɗan noti a gindin kafireta, sassauta shi lokaci-lokaci, abin da ya taru ya zube. Sai salansa. Ƙona lita ɗaya ta fetur na samar da ruwa kusan lita ɗaya, yana fita a tururi. In ka tayar da inji minti biyu ka kashe, wai kana ɗumama shi, salansar ba ta yi zafin da za ta kore shi ba, a ciki zai kwana. Ko ka hau ka zaga sosai, ko ka bar shi. Wasu salansar suna da ɗan rami a ƙasa na zubar da ruwan, duba ko laka ta toshe naka.

Yanzu da gudu.

Sarƙa: wanke da kananzir, goge, ɗiga man giyar mota mai lamba 90, goge rarar. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda bakanike ke ba ka kyauta, a bar shi. Akwai garin ƙarfe da datti a ciki, yana kama yashi, ya riƙa cin haƙoran da sarƙar ke hawa.

Batir: kwance wayoyinsa, goge farin garin nan da ke taruwa a kansu, ɗaure, sannan ka shafa basilin a kai. Sannan, ba kafin ba.

Laka: yanki tsohon tif na mota ko gefen jarka, ƙara wa madigad na gaba tsawo, kamar haka. Ruwan titi ya daina watsuwa a kan inji da fulogi. Kawai kada ya taɓa taya.

Kujera ta yage? Soson ciki na shan ruwa ya riƙe shi a kan ƙarfen da ke ƙasa. Kai wa mai ɗinkin kujera tun ramin na ƙarami.

Inda fenti ya ɓare: kankare tsatsar har ƙarfe ya yi fari, shafa jan fentin nan da masu walda ke fara sa wa ƙofa, sannan fenti. Ka shafa a kan tsatsa, ka rufe ta ne kawai tana ci a ƙarƙashi. Ƙananan ɗigo a jikin farin ƙarfe mai ƙyalli kuwa, dunƙule takardar alminiyam, tsoma a ruwa, goga. Ku kalli yadda yake fita.

Notuna da ƙafar tsayawa, ɗan giris. Birki da taya, ko kusa kada mai ya je. Wannan ba maganar tsatsa ba ce, maganar rai ce. Haka kuma kada garin kare inji ka toshe inda yake shan iska, ko ka rufe layukan jikinsa, da su yake hucewa.

Wajen wanki, ka ce wa yaron ya daina saita bakin tiyo mai ƙarfi a tsakiyar taya da makunni, kuma ya ɗauraye omon sosai. 'Yan uwanmu da ke aiki a Legas, Kwatano ko Ankara ta Ghana, ku naku ya ninka, iskar teku da gishiri take tafe, gishiri kuma abokin tsatsa ne. Ku riƙa ɗauraye mashin da ruwan daɗi ko da bai yi datti ba. 'Yan kabu-kabun Maraɗi da Damagaram, ku rana da ƙura sun fi damunku, rumfar nan taku ce.

Ga Boxer ɗinmu na ɗazu, ya huce, an goge shi, ga rigarsa mai kunnuwa. Gobe da asuba zan sa hannu a ƙarƙashi kyamara na kallo, in ya fito a jiƙe ma zan nuna muku. Mai hoton notuna masu jan goro kuma, ka ƙyale dilan nan haka, je ka nemo almakashi.